Tagullan Benin da rikicin shari'a kan maido da su

Tagullan Benin suna ne da ake kiran dubban kayan fada da sojojin Birtaniya suka kwashe daga birnin Benin, babban birnin jihar Edo a yanzu, a shekarar 1897. Sunan ma yana ɗan ruɗar mutum, don ba duka ne na tagulla ba, akwai na hauren giwa, akwai na katako da na murjani, kuma wannan Benin ɗin daban take da Jamhuriyar Benin ta su Kwatano. Kayan sun warwatsu a gidajen tarihi na Turai da Amurka, wasu kuma suna hannun attajirai, ita kuma Najeriya da fadar Oba, wato sarkin Benin, sun shafe shekaru aru-aru suna neman a maido musu. Abin da zai ba mutum mamaki shi ne duk surutun da ake na shari'a, kusan duk abin da ya dawo gida ba alƙali ne ya ce a dawo da shi ba, siyasa ce da jin kunya suka yi aiki.

Yadda aka kwashe su

A watan Janairun 1897 wani jami'in Birtaniya mai suna James Phillips ya nufi Benin da tawagarsa duk da an aika masa cewa ya dakata Oba yana cikin hidimar ibadar gargajiya. Aka yi musu kwanton ɓauna a hanya aka kashe shi da yawancin Turawan da ke tare da shi da 'yan dako masu yawa, Turawa biyu ne kawai suka tsira. Wata ɗaya bayan haka Birtaniya ta turo dakaru kusan 1,200 ƙarƙashin Admiral Harry Rawson, suka ci garin ranar 18 ga Fabrairu, gobara ta cinye fada, daga baya aka kai Oba Ovonramwen gudun hijira Kalaba inda ya rasu a 1914. Kayan kuma aka raba kamar ganima, hafsoshi suka ɗibi nasu, wasu aka yi gwanjonsu a Landan, Jamusawa suka saye da yawa. Yau British Museum kaɗai na riƙe da sama da 900.

Su mutanen Benin fa ba kayan ado suka ɗauke su ba. Kawunan tagullan nan a kan wurin bautar kakanni ake ajiye su don tunawa da sarakunan da suka shuɗe, allunan da aka kafa a ginshiƙan fada kuma su ne littafin tarihinsu, wa ya yi yaƙi, wane basarake ke saka wace irin tufa, har da hoton 'yan kasuwar Fotugal da dogon gashinsu da bindigoginsu.

Me ya sa kotu ba ta yi amfani ba

Nan ne gizo ke saƙar. Dokokin duniya da suka hana wawure kayan tarihi duk bayan aika-aikar suka zo. Yarjejeniyar Hague da ta haramta ganimar yaƙi ta 1899 ce, wato shekara biyu kacal bayan an ci Benin. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana safarar kayan tarihi, wadda kowa ke ambata, ba ta waiwayen baya, abin da ya faru bayan ƙasa ta shiga cikinta kawai take dubawa, haka ita ma ta UNIDROIT ta 1995 kan maido da kayan tarihi na sata, wadda ma manyan ƙasashen da ake cinikin kayan kamar Birtaniya da Amurka ba su shiga ba. Toh idan ka ce za ka je kotun ƙasarsu ka shigar da ƙara kan kayan sata, lauyan ɗaya ɓangaren zai tashi ya ce lokaci ya ƙure, don a Ingila wa'adin irin wannan ƙarar shekara 6 ne a mafi yawan lokuta, mu kuwa muna maganar abin da ya haura shekara 120.

Sai kuma dokar da ta fi kowacce suna a wannan rigimar, dokar British Museum ta 1963. Ita ta ɗaure hannun kwamitin amintattun gidan, ba su da ikon fitar da abu daga taskar sai in yana da irinsa biyu ko ya lalace ko bai cancanci ajiyewa ba. A 2005 Babbar Kotun Ingila ta gwada dokar a kan wasu zane-zane huɗu da 'yan Nazi suka ƙwace daga wani Bayahude ɗan Cekoslobakiya, gidan tarihin da kansa ya yarda cewa na sata ne kuma yana so ya mayar, amma kotu ta ce sanin ya kamata ba ya ture dokar majalisa. Sai da majalisa ta yi wata doka a 2009 don kayan zamanin Nazi kaɗai. Wato dai ana iya gyara dokar in an ga dama, ba a ga damar ba ne. Kuma shi wannan gidan da ke cewa doka ta hana shi, ya taɓa sayar da wasu allunan Benin ɗin tun daga shekarun 1950 da sunan wai yana da irinsu, har Najeriya ta saya da kuɗinta. A 1977 da aka nemi aron fuskar hauren giwa ta Sarauniya Idia don bikin al'adun baƙaƙen fata na FESTAC a Legas aka hana, dole masassaƙan Benin suka yi kwafi. Hujjar cewa kayan sun fi samun tsaro a Landan kuwa ta sha kashi a 2023, lokacin da gidan ya amsa cewa kusan kaya 2,000 sun ɓace ko sun lalace a taskarsa, har darakta Hartwig Fischer ya ajiye aiki. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Faransa ita ma tana da tata, ƙa'idar cewa dukiyar gwamnati ba a sayarwa ba a kyautarwa. Shi ya sa bayan jawabin Shugaba Macron na Faransa a Wagadugu a 2017 kan maido da kayan tarihin Afirka sai da aka yi doka ta musamman a 2020 kafin a mayar wa Jamhuriyar Benin kayan fadar Abomey guda 26 a 2021. Irin wannan ta taɓa kayan Arewa ma: a 2000 aka baje gumakan yumɓu biyu na Nok ta kudancin Kaduna da ɗaya na Sakkwato a Louvre alhali dokar Najeriya ta hana fitar da su, aka yi ta cece-kuce, a ƙarshe a 2002 Faransa ta amince mallakin Najeriya ne amma za su zauna a Paris a matsayin aro na shekara 25 da za a iya sabuntawa.

Waɗanda suka mayar

Waɗanda doka ba ta ɗaure ba su suka fara. A Oktoban 2021 kwalejin Jesus ta jami'ar Cambridge ta miƙa zakaran tagulla da ake kira Okukor, wanda ya daɗe a ɗakin cin abincin ɗalibai, jami'ar Aberdeen ta bi da kan tagulla na wani Oba a makon. Jamus ta sa hannu da Najeriya ranar 1 ga Yulin 2022 kan mayar da mallakin kaya sama da 1,100, ministar harkokin wajenta Annalena Baerbock ta kawo kashin farko Abuja a Disamba, wasu kuma suka ci gaba da zama a can a matsayin aro, amma yanzu Najeriya ce mai ba da aron. Gidan tarihin Horniman na Landan ya saki 72, Holan ta dawo da 119 a 2025. Wasu gidajen Birtaniya kuma aro kaɗai suke iya bayarwa, kamar yadda suka yi wa fadar Asante a Kumasi ta Ghana a 2024 da kayan zinare da azurfa 32, kuma a Najeriya mutane da yawa na ganin karɓar aron abinka daga wanda ya ƙwace tamkar ka amsa cewa nasa ne.

Ƙarar da ta fi jan hankali kuwa ba don a maido aka shigar ba, don a hana maidowa ne. Da cibiyar gidajen tarihi ta Smithsonian ta Amurka ta miƙa wa Najeriya mallakin kaya 29 a 2022, wata ƙungiya ta jikokin bayi mai suna Restitution Study Group, ƙarƙashin Deadria Farmer-Paellmann, ta garzaya kotu a Washington. Hujjarsu ita ce tagullar da aka narka aka yi kayan ta fito ne daga mundayen da Turawa ke biyan kuɗin bayi da su, masarautar Benin kuma ta sayar da bayi, saboda haka su ma suna da haƙƙi. Wani binciken kimiyya na 2023 ya nuna lallai ƙarfen da yawa daga yankin Rhine na Jamus ya fito ta hanyar waɗannan mundaye. Kotu dai ta kori ƙarar, Kotun Ƙoli ma ta ƙi sauraronta a 2024.

Rigimar cikin gida

Ana wata ga wata. Da kaya suka fara isowa sai tambaya ta koma wa za a ba, gwamnatin tarayya ta hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da aka kafa a 1979, ko jihar Edo, ko fada? Gwamnan Edo na lokacin, Godwin Obaseki, ya goyi bayan sabon gidan tarihi da wata gidauniya mai zaman kanta ke ginawa, wanda yanzu ake kira MOWAA, wato gidan tarihin fasahar Afirka ta Yamma, shi kuma Oba Ewuare II ya ce daga gidan kakansa aka sace, gidan kakansa za su koma. A Maris 2023, saura wata biyu ya sauka, Shugaba Buhari ya fitar da sanarwa a gazet, wato jaridar gwamnati, cewa Oba ne mai kayan. Jaridun Jamus suka yi ca, wai an ba al'umma kaya an mayar da su na mutum ɗaya, wasu jami'o'in Birtaniya suka ja birki, 'yan Najeriya kuma suka ce wanda ya dawo da kayan sata ba shi da bakin faɗa wa mai shi inda zai ajiye. A 2025 hukumar da fada suka daidaita cewa hukumar ce za ta riƙa karɓa da kula da kayan a madadin Oba, amma a Nuwamban shekarar masu zanga-zanga suka kutsa harabar MOWAA ana tsaka da zagayawa da baƙi, aka ɗage buɗe shi.