Ra'ayoyin mawaƙa a kan naɗar waƙa a faifai

Tun da Thomas Edison ya ƙera na'urar naɗar sauti a 1877, Emile Berliner kuma ya fito da garmaho mai amfani da faifai bayan shekara goma, bakin mawaƙa da makaɗa bai taɓa zama ɗaya a kan lamarin ba. Wasu na ganin faifai inuwar wasan dandali ce kawai, wasu kuma na ɗaukarsa aiki mai zaman kansa.

Farkon zamani

Kafin 1925 ba a amfani da makirufo. Mawaƙi kan tsaya gaban wani ƙaton mazurari, ƙarfin muryarsa ne ke motsa allurar da ke zane a jikin kaki, kuma gefe ɗaya na faifai bai fi minti uku zuwa huɗu ba. Enrico Caruso na Italiya ya rungumi wannan hanya da hannu biyu: a Afrilun 1902 ya rera waƙa goma a wani otal a Milan, aka biya shi fam 100, faya-fayan suka kai sunansa ƙasashen da ƙafarsa ba ta taka ba tukuna.

John Philip Sousa, shugaban makaɗan badujala a Amurka, ya tsaya a ɗaya ɓangaren. A 1906 ya rubuta maƙala yana sukar abin da ya kira kiɗan gwangwani, ya kuma je gaban majalisar dokoki da kokensa. Tsoronsa shi ne mutane su daina koyon kiɗa da rera waƙa a gida, su koma 'yan saurare. Akwai kuma batun kuɗi, domin kamfanoni na sayar da kiɗansa ba su biyan wanda ya tsara shi. Dokar haƙƙin mallaka ta 1909 ce ta sa a riƙa biyan mai haƙƙin kiɗan senti biyu a kan kowane kwafi. Duk da wannan suka, ƙungiyarsa ta yi faya-fayai da yawa, galibi mataimakansa ne ke jagoranta.

Ana ba da labarin cewa wajajen 1916 Freddie Keppard, mai busa daga New Orleans, ya ƙi tayin wani kamfani don gudun kada a sace masa salo. Masana tarihin jaz sun saɓa a kan ingancin labarin.

Daga Agustan 1942 ƙungiyar makaɗan Amurka, ƙarƙashin James Petrillo, ta hana 'ya'yanta shiga situdiyo, tana cewa faifai na raba su da aiki a gidajen rediyo da wuraren rawa. Sai a Nuwamban 1944 manyan kamfanoni biyu na ƙarshe suka amince da biyan ƙungiyar kaso daga cinikin faya-fayai.

Bayan zuwan tef

Faifai mai dogon zango ya fito a 1948, tef kuma ya ba da damar yanka da haɗi. Babu wanda ya kare wannan dama kamar Glenn Gould, makaɗin fiyano ɗan Kanada. Ya yi wasansa na ƙarshe gaban jama'a a Los Angeles a Afrilun 1964, yana ɗan shekara 31, bai sake komawa dandali ba har rasuwarsa a 1982. A ganinsa zauren wasa na tura makaɗi ga neman tafi, alhali a situdiyo yana iya maimaitawa, ya zaɓa, ya haɗa ɗauka biyu su zama ɗaya, kuma bai taɓa ɓoye cewa yana yin hakan ba. Hujjarsa tana da ƙarfi, ganin yadda kusan duk waƙoƙin yau ake haɗa su. Ƙungiyar Beatles ma ta daina yawon wasa a Agustan 1966 ta tare a situdiyo.

Sergiu Celibidache, ɗan Romaniya da ya jagoranci makaɗan birnin Munich daga 1979 zuwa 1996, ya ƙi sakin faifai kusan duk tsawon aikinsa, yana ganin kiɗa na rayuwa ne a cikin ɗakin da aka yi shi da lokacin da aka yi shi. Bayan rasuwarsa iyalinsa suka ba da izinin fitar da abin da aka naɗa a wasanninsa.

A Legas, Fela Kuti kan daɗe yana kaɗa sabuwar waƙa a gidan rawarsa kafin ya naɗe ta, in kuwa ta shiga faifai da wuya ya sake kaɗa ta a dandali. Sau da yawa waƙa ɗaya ke cinye gefen faifai sukutum.

Tara faya-fayai

Béla Bartók na Hangari ya fara yawon ƙauyuka da na'urar Edison wajajen 1906 yana naɗar waƙoƙin manoma, har ya kai Biskra ta Aljeriya a 1913. Ga matasan Ingila na bayan Yaƙin Duniya na Biyu, faya-fayan baƙaƙen Amurka ne makarantarsu: a Oktoban 1961 Keith Richards ya ga Mick Jagger a tashar jirgin Dartford riƙe da na Chuck Berry da Muddy Waters, suka yi hirar da ta kai ga kafa ƙungiyar Rolling Stones.

A yau

A 2022 yawan baƙaƙen faya-fayan roba da aka sayar a Amurka ya zarce na CD, karo na farko tun 1987.