Waiwaye: Rukunin muhawara a jami'o'in Sudan, daga Ƙurashi zuwa yau

Kafin yaƙin 2023, duk ɗanmu na Hausawan Sudan da ya baro Maiurno ko Gadarif ko Damazin ya shiga jami'ar gwamnati, abin da yake fara ɗaure masa kai shi ne rukunin niƙash, wato dandalin muhawarar ɗalibai. Ɗalibi zai tsaya a inuwar darbejiya, a kewaye shi, ya zazzage wa gwamnati abin da ke cikinsa, sannan ya bar abokin hamayya ya mayar da martani. Mai shayi na gefe tana fifita gawayi. Can baya kuma akwai wani da ba ɗalibi ba, yana haddace fuskoki, kowa ya san aikinsa.

Wannan al'ada ta taɓa kayar da gwamnati. A 1964 shugaban mulkin soja Janar Ibrahim Abbud ya hana tarukan tattauna yaƙin Kudancin Sudan a Jami'ar Khartum. Ɗalibai suka yi kunnen uwar shegu, suka zauna a daren 21 ga Oktoba. 'Yan sanda suka buɗe wuta, wani ɗalibi, Ahmad al-Ƙurashi, ya rasu. Jana'izarsa ta zama zanga-zanga, alƙalai da lauyoyi da malamai suka shigo, aka tsunduma yajin aiki, kafin mako ya zagayo an rushe majalisar soja. A Maris na 1985 ma ɗaliban Jami'ar Musulunci ta Omdurman ne suka fara fitowa kan tsadar rayuwa. Ranar 6 ga Afrilu mulkin Shugaba Numairi ya kife yana kan hanyar dawowa daga Amurka.

Waɗanda suka hau tare da Umar al-Bashir a 1989 sun san wannan tarihi ciki da bai, domin da yawansu a ƙungiyar ɗalibai suka koyi siyasa. Don haka suka biyo ta ciki. Da sunan juyin ilimi mai zurfi aka buɗe sababbin jami'o'i barkatai, aka soke ci da kwana kyauta, aka damƙa ɗakunan kwana ga asusun tallafa wa ɗalibai na gwamnati. A ganina nan ne aka fi yi wa 'yancin magana illa. Ɗan birni in an kore shi, gidan ubansa zai koma. Yaron da mahaifinsa ya sayar da buhunan dawa ya turo shi daga ƙauye fa? Gadon kwanansa na hannun wanda zai soka. Shi ya sa iyayenmu ke rako yaro tasha da jan kunne: "Karatu na aike ka, ban da siyasa." Ban taɓa ganin laifinsu ba. Wanda ya ƙi ji kuma, ga rundunonin jihadi na ɗalibai magoya bayan gwamnati da rodi a hannu.

'Ya'yan yankunan da aka mayar saniyar ware ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. A Disambar 2012 aka tsinci gawar ɗalibai huɗu 'yan Darfur a magudanar ruwa kusa da Jami'ar Jazira a Wad Madani, bayan zaman dirshan kan kuɗin makaranta da suka ce yarjejeniyar sulhu ta ɗauke musu.

Da bore ya tashi a Disambar 2018, gwamnati ta yi maza ta rufe jami'o'i. Sai rukunin ya koma unguwanni, daga nan ya yada zango a gaban hedikwatar soja, dab da Jami'ar Khartum, har Bashir ya faɗi ranar 11 ga Afrilun 2019.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya watsa ɗalibai, an wawashe harabobi da dama, wasu ɗakunan kwana suka zama matsugunin 'yan gudun hijira. Yaranmu da yawa sun koma karɓar lacca ta waya, suna neman inda sabis zai kama, kowa shi kaɗai.