Abin da ake karantawa a jinin mai zazzaɓin Lassa

Iyalan majinyata sukan tambayi ma'aikatan lafiya dalilin ɗibar jinin wanda ake zargin ya kamu da zazzaɓin Lassa. Dalili na farko shi ne tabbatar da cutar, amma jinin yana kuma iya nuna hanyar da ta bi ta shigo gari.

Kowace ƙwayar cuta tana ɗauke da bayanan gadonta a wata doguwar sarƙa da aka jera da sinadarai iri huɗu. Sarƙar Lassa nau'in da ake kira RNA ce, saboda haka akan kwafe ta zuwa ɗaya nau'in, wato DNA, kafin a zuba ta a na'urar karanta ta irin MinION, wadda kamfanin Oxford Nanopore na Ingila ya fitar a 2014, kuma ba ta fi tafin hannu girma ba. A cikinta akwai siririn shamaki a tsakiyar ruwan gishiri, mai ƙananan kafofi waɗanda faɗin kowacce a matsatsin wurinta bai kai nanomita 2 ba. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita.

Sarƙar ba a miƙe take cikin ruwa ba, a harɗe take kamar zaren da ya cukurkuɗe, kuma sai bakinta ya dace da kafar sannan wutar lantarki ta ja ta, tana warwarewa tana shigewa. Idan aka bar ta, za ta wuce da saurin da ba a iya karantawa, shi ya sa ake haɗa ta da wani sinadari mai rage mata gudu zuwa kimanin sinadarai 400 na sarƙar a daƙiƙa. Kowane ɓangare da ya shiga kafar yana tare wutar da ke ratsawa gwargwadon siffarsa, kwamfuta kuma ta fassara wannan hawa da saukar wutar zuwa jerin sinadaran sarƙar.

A ɓarkewar 2018 an yi wannan aiki a asibitin ƙwararru na Irrua da ke Jihar Edo, lokacin da ake fargabar sabon nau'i mai saurin yaɗuwa tsakanin mutane ne ya ɓullo. Sakamakon ya nuna cewa yawancin majinyatan daga ɓeraye suka kamu. Don haka a riƙa rufe hatsi da gari a mazubi mai murfi, a daina shanya abinci a ƙasa a bakin hanya, kuma duk wanda zazzaɓinsa ya ƙi jin maganin maleriya a kai shi asibiti da wuri a ɗebi jininsa.