Ta'aziyya a Zariya

Ta'aziyya, ko gaisuwar rasuwa, ita ce zuwa wurin waɗanda aka yi wa rashi don ba su haƙuri da yi wa mamaci addu'a. A wurin Zazzagawa haƙƙi ce ta zumunci da maƙwabtaka. Wanda ya ji rasuwa bai leƙa ba, kuma babu uzuri, akan daɗe ana riƙe da shi a zuciya.

Asali

Ana kyautata zaton Musulunci ya samu gindin zama a Zazzau wajen ƙarni na 15 zuwa na 16, ya ƙara ƙarfi bayan jihadin 1804, lokacin da Malam Musa, Sarkin Zazzau na farko daga Fulani, ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Tsarin gaisuwar ya biyo fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan malamai na cikin birni, irin na Unguwar Juma da Kona. A nan ake jawo hadisin Ja'afar ɗan Abu Ɗalib, wanda ya yi shahada a yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, inda Annabi (SAW) ya ce a yi wa iyalinsa abinci domin abin da ya shagaltar da su ya same su. Shi ya sa har yau za a ga maƙwabta na aika kwanukan tuwo da kunu gidan makoki, kuma wannan na cikin mafi kyawun abin da al'adar ta riƙe.

Yadda ake yi

Akan yi jana'iza a ranar da aka rasu, sai zaman makoki ya biyo baya, galibi kwana 3. Maza na zama a zaure ko kan tabarmi a ƙofar gida, babban ɗa ko ƙanen marigayi na gefen liman yana amsa gaisuwa. Mata kuwa cikin gida suke shiga, wurin uwa ko matar mamacin. Mai zuwa yakan tuɓe takalmi, ya yi sallama, ya durƙusa in manya ne a wurin, ya ce a yi salati. Sai a ɗaga hannu a karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu, a shafa. Bayan nan ne gaisuwar: "Baba, ya haƙuri?" A amsa, "Haƙuri mun gode Allah." Ya ce, "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya kyautata namu zuwan." A ce masa, "Amin, Allah ya ba da lada." Ba a tsawaita zama, ba a kawo maganar bashi ko gado a bainar jama'a, kururuwa kuma malamai sun hana. In yaro ne ya rasu, akan ce wa iyayen Allah ya sa mai ceto ne.

Matar mamaci tana takaba wata 4 da kwana 10, ko har ta haihu in tana da juna biyu, kuma 'yan nesa kan iske ta da gaisuwa a tsawon wannan lokaci.

Sadakar uku, bakwai da arba'in

Gidaje da yawa na tara malamai a waɗannan ranaku, a yi addu'a, a raba gumba ko waina. Ƙungiyar Izala, da aka kafa a 1978, na ɗaukar hakan bidi'a. Malaman ɗariƙu na ganin sadaka ce da ke isa ga mamaci.

Fada

In basarake ne ya rasu, gaisuwa takan koma ƙofar fada, hakimai da tawagogin wasu masarautu su yi ta zuwa. Haka aka gani da rasuwar Sarkin Zazzau Shehu Idris ranar 20 ga Satumba 2020, bayan shekara 45 a kan karaga.

Wusasa da sauran unguwanni

Hausawa Kiristoci na Wusasa kan yi zaman makoki da waƙoƙin coci da addu'a, kuma su da maƙwabtansu Musulmi suna zuwa wa juna gaisuwa. A Samaru da Sabon Gari, inda baƙi suka fi yawa, waɗanda suka yi nisa kan gaisar ta waya ko WhatsApp kafin su samu zuwa da ƙafarsu.