Shimfiɗa bulon intalok a kan tsohon kankare mai kwari da tudu

Shimfiɗa intalok a kan tsohon kankare hanya ce ta sabunta farfajiya, baranda ko hanyar shigar mota ba tare da an farfasa daɓen da ke wurin ba. Ana jera ƙananan bulo na siminti ko na gasasshen yumɓu a kan siririyar shimfiɗar yashi, ko a kan kwaɓin siminti, tsohon kankaren kuma ya zama tushe. Aikin yana rage wahalar haƙa da kwashe ɓaraguzai, sai dai yana tattare da matsalar da ba a samu idan a kan dandaƙaƙƙiyar tsakuwa aka yi shimfiɗar: kankare ba ya shan ruwa. Duk ruwan da ya zurara ta tsakanin bulo zai kwanta a kansa, sai an buɗe masa hanyar fita.

Bulon kansa

Bulon kankare na shimfiɗar titi ya bunƙasa ne a ƙasar Holan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da jan bulo ya yi ƙaranci saboda aikin sake gina gidaje. Daga baya aka fito da masu siffofin da ke sarƙe juna a Jamus. A yau ana gwada ingancinsa da ƙa'idar EN 1338 a Turai da ASTM C936 a Amurka. Ta biyun ta shardanta ƙarfin jure danna da matsakaicinsa ya kai megafaskal 55 (ma'aunin ƙarfin danna ke nan), da shan ruwan da bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Mai kaurin milimita 60 ya isa wurin tafiyar ƙafa da ƙananan motoci na gida, mai milimita 80 kuwa na wurin da motoci ke yawan bi ne. Akwai sirara na milimita 30 zuwa 40 da aka yi musamman don ɗorawa a kan kankare, amma ba na hawan mota ba ne.

Duba tsohon daɓe

Ba kowane kankare ne ya cancanci a ɗora masa bulo ba. Siririyar tsaga da ta daɗe ba ta ƙaru ba, ko fuskar da ta ɗan zaizaye, ba su hana aiki. Amma idan wani ɓangare ya nutse, wani ya taso saboda saiwar bishiya ko kumburin ƙasa, ko kuma gefunan tsagar ba su tsaya a layi ɗaya ba, to daɓen yana motsi, kuma duk abin da aka ɗora masa zai bi shi. Irin wannan farfasa shi ya fi. Magina kan ƙwanƙwasa daɓen da guduma: inda ya yi ƙara irin ta holoƙo, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta zaizaye.

Ana gano kwari da tudu da miƙaƙƙen katako ko ƙarfe mai tsawon mita 3. Abin da aka saba karɓa shi ne kada giɓin da ke ƙarƙashinsa ya wuce milimita 10. Gwajin da ya fi wannan bayyana gaskiya shi ne a malala ruwa a kan daɓen duka, a jira ya tsane, sannan a kewaye duk inda ya taru da alli. Waɗannan da'irori su ne taswirar aikin.

Sai kuma tsayi. Bulo mai milimita 60 a kan yashi mai milimita 25 zai ɗaga wurin da santimita 8.5. A auna wannan da dokin ƙofa, matakala, ƙasan ƙyauren get da murfin kwata tun kafin a sayi bulo. A Birtaniya ƙa'idar gini ta nemi shimfiɗar waje ta kasance aƙalla milimita 150 ƙasa da layin da ke hana danshi hawa bango.

Daidaita tushe

Kuskuren da ya fi yawa a wannan aiki shi ne cike kwari da yashin shimfiɗa. A ranar da aka gama, fuskar tana kwance lebur. Amma yashi mai kaurin milimita 60 ya fi mai milimita 20 lotsawa idan nauyi ya hau shi, don haka bayan ɗan lokaci kwarin da ke ƙasa sai ya sake bayyana a sama, daidai inda yake tun farko. Kankaren ake gyarawa, yashi kuma a bar shi da kauri ɗaya ko'ina.

Ana goge tudu da injin niƙa kankare, tare da zuba ruwa ko zuƙe ƙura, domin ƙurar kankare tana ɗauke da silika mai lalata huhu. Kwari kuwa a wanke shi tas, a cire maiƙo da gansakuka, a shafa sinadarin da ke haɗa sabon siminti da tsoho, sannan a cike da kwaɓin faci na waje. Simintin da ke malala ya daidaita kansa, wanda ake sa wa ɗakuna, ba lallai ya dace ba: da yawansa na cikin gida ne, kuma shi lebur yake nema, alhali a waje gangare ake so. Idan rashin daidaiton ya mamaye wurin gaba ɗaya, gara a zuba sabon kwaɓi a kan daɓen duka a fitar da gangare da shi.

Hanyar ruwa

Ruwa iri biyu ake tanadar wa mafita: wanda ke gudu a saman bulo da wanda ya shige ƙasa. Na farko gangare ne maganinsa, kimanin kashi 2 cikin 100, wato santimita 2 a kowace mita, yana barin jikin gini. Farfajiya mai tsawon mita 5 ke nan za ta sauka da santimita 10 daga bango zuwa bakinta. Inda gangaren ya nufo gini kuma ba yadda za a juya shi, sai a yanka kankaren a binne doguwar magudana mai murfin raga a gaban ƙofa, a haɗa ta da bututu zuwa lambatu ko ramin tsotse ruwa.

Na biyun shi ake mantawa da shi, domin ba a ganinsa. Kankare a ƙasa, bulon gefe a kewaye, wurin ya zama kamar faranti cike da jiƙaƙƙen yashi. Yashin da ya ƙoshi da ruwa ba ya riƙe nauyi. Idan taya ta taka, sai a ga ruwa mai laka yana ɓulɓulowa ta tsakanin bulo, yana fitar da yashin kaɗan-kaɗan, har bulon ya fara rawa, bakinsa ya guntule. Danshin da ya daɗe yana kuma ƙara farin gishirin da ke fitowa a fuskar bulo, wanda ke samuwa idan sinadarin kalsiyam haidiroksayid na cikin siminti ya biyo ruwa ya fito ya haɗu da iska. A ƙasashe masu tsananin sanyi abin ya fi muni, don ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare.

Saboda haka ake huda kankaren a wuraren da suka fi zurfi, ramuka masu faɗin kimanin milimita 50 har su tarar da ƙasa, a cike su da wankakkiyar ƙaramar tsakuwa, a rufe bakinsu da ƙyallen tace ruwa don kada yashi ya zurare. Da irin wannan ƙyalle ake rufe tsagogi da mahaɗan kankaren, wato layukan da aka bari tsakanin sassansa. Ramukan suna aiki ne idan ƙasar wurin tana shan ruwa. A kan yumɓu mai riƙe ruwa amfaninsu kaɗan ne, kuma bai dace a huda su kusa da harsashin gini ba. A nan sai a bar ƙananan kafofi a jerin gefe ta ɓangaren gangare, ko a shimfiɗa tabarmar roba mai hanyoyin ruwa a ƙarƙashin yashin.

Jera bulo

Da gefe ake farawa. Tun da ba a iya kafa turaku a cikin kankare yadda ake yi a ƙasa, ana manna jerin gefe da kwaɓin siminti ko gam na gini, ko a ɗaure shingen ƙarfe da noti. Sannan a baza yashi mai kaushi, wankakke, kaurin kimanin milimita 25, a ja shi da katako a kan bututu biyu masu kauri ɗaya. Garin dutse da yashi mai laushi suna riƙe ruwa, ba su dace ba. Ana jerawa daga kan bulon da aka riga aka ajiye, ba a taka yashin, ana bin igiya, ana barin tsakani na milimita 2 zuwa 5. Inda mota za ta bi, tsarin ƙashin kifi, wato jera bulo a karkace kamar harafin V, ya fi sauran hana bulo zamewa wajen birki da juya taya. Daga nan a bi da injin daɓe mai girgiza, a share busasshen yashi cikin tsakanin, a sake bi har ya cika. Siraran bulo sukan fashe a ƙarƙashin injin, don haka gudumar roba ake sa musu.

Akwai masu manna bulon duka da kwaɓin siminti. Wannan yana rage tsayi kuma yana ɗaukar ɗan rashin daidaito, amma duk tsagar da kankaren ya yi za ta fito a sama, kuma dole a bar mahaɗa a daidai inda na tsohon daɓen suke. A titunan birane akan yi amfani da shimfiɗar kwalta gauraye da yashi mai kaurin kimanin milimita 20. A kan rufin bene kuwa ana ɗora manyan fale-fale a kan ƙafafun roba da ake murɗawa a daidaita tsayinsu, ruwa ya riƙa wucewa ta ƙarƙashi zuwa magudana. Wannan tsari na tafiyar ƙafa ne kawai.