Tallafin karatu da biyan kuɗin jami'a a lokacin matsin tattalin arziki

Tallafin karatu shi ne taimakon kuɗi da ake bai wa ɗalibin babbar makaranta domin ya biya kuɗin rajista ko ya riƙe kansa har ya kammala. Akwai wanda kyauta ne, kamar na gwamnatocin jihohi da na masu hannu da shuni, akwai kuma lamuni da ɗalibi zai biya bayan ya fara samu. Buƙatarsa ta fi tsanani a lokacin matsin tattalin arziki, domin a lokacin ne makarantu ke ƙara kuɗi, abin hannun iyaye kuma yana raguwa.

A hukumance, jami'o'in gwamnatin tarayya a Najeriya ba sa karɓar kuɗin koyarwa daga masu digiri na farko tun ƙarshen shekarun 1970. Abin da ɗalibi ke biya shi ne kuɗin rajista, da na ɗakin kwana, da sauran caje-caje, kuma a kansu ne ake yawan samun rikici. A 1978 ƙarin kuɗin abinci da masauki ya haifar da zanga-zangar ɗalibai a faɗin ƙasa, wadda ta nemi a sauke kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali. Hukumar ba ɗalibai lamuni da aka kafa a 1972 ba ta ɗore ba, musamman saboda yawancin waɗanda suka ci bashin ba su biya ba.

Matsin baya-bayan nan ya soma ne da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, sannan aka saki darajar naira a watan Yuni. Litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, hauhawar farashi kuma ta zarce kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Jami'o'i da dama, ciki har da Jami'ar Bayero ta Kano, sun ƙara kuɗin rajista a 2023. Ga ɗalibin da ke zaune a cikin gari yana zuwa sabuwar harabar jami'ar da ke kan titin Gwarzo, kuɗin adaidaita sahu na kowace rana ya zama nauyi na daban, wanda sau da yawa ba a lissafa shi idan ana maganar kuɗin makaranta, alhali shi ne ke hana wasu halartar lacca.

A watan Agustan 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rage rabin kuɗin rajista a manyan makarantun jihar ga 'yan asalin Kano, ta kuma amince da biya wa ɗalibai 7,000 na Jami'ar Bayero. Irin wannan agaji yana da saurin tasiri, sai dai ya dogara da kasafin shekara da ra'ayin gwamnati mai ci.

Babban sauyi ya zo daga tarayya. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar lamunin ɗalibai a watan Yunin 2023, amma sharuɗɗanta sun yi tsauri: sai samun iyalin ɗalibi bai kai naira 500,000 a shekara ba, kuma sai ya kawo waɗanda za su tsaya masa. An maye gurbinta da sabuwa a Afrilun 2024, wadda ta soke waɗannan sharuɗɗa, asusun lamunin karatu na tarayya, wato NELFUND, kuma ya fara karɓar masu nema ta intanet a watan Mayu. Asusun yana tura kuɗin rajista kai tsaye ga makaranta, wanda ya nemi kuɗin kashewa kuma ana ba shi naira 20,000 a wata. Ana fara biya shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, ta hanyar cire kashi goma cikin ɗari na albashi ko na kuɗin shiga.

Rashin kuɗin ruwa a wannan lamuni ba ƙaramin abu ba ne a gari irin Kano, inda iyaye da yawa ba za su kusanci bashin da ke da riba ba ko da karatun ɗansu zai tsaya. Duk da haka bashi bashi ne, kuma dawowar kuɗin cikin asusun ta rataya ne a kan samun aikin yi ga masu kammalawa, abin da ke wuya a lokacin matsi. Tsarin ya shafi makarantun gwamnati ne kawai, ɗaliban jami'o'i masu zaman kansu ba sa ciki.

Inda waɗannan hanyoyi ba su kai ba, dangi ne ke cikawa: yayan da ke kasuwa, adashin uwa, zakkar wani attajirin unguwa, ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. Wasu ɗaliban na haɗa karatu da ɗinki ko sana'ar POS, wasu kuma sukan jingine karatun na shekara guda har kuɗin rajista ya haɗu.