Siket ɗin gado a kan gadon lantarki: inda ake ɗaura shi da inda ba a ɗaurawa

Gadon lantarki, wanda ake danna rimot kansa ya tashi ko ƙafarsa ta ɗaga, ya fara shiga gidaje a Abuja, musamman inda akwai dattijo, mai ciwon baya ko mai fama da ƙwannafi da dare. Ƙorafin matan gida a kansa ɗaya ne: ƙasansa a buɗe yake, ƙarafa da wayoyi da inji duk a fili. Ga tambayoyin da aka fi yi game da rufe shi da siket, wato ƙyallen da ke zagaye gefen gado ya sauka kusa da ƙasa.

Siket ɗin da na saba sa wa tsohon gadona zai yi a kan wannan?

Idan irin wanda ake shimfiɗa tsakiyarsa a ƙarƙashin katifa ne, gefensa ya zubo ta ɓangare uku, ba zai yi ba. An ɗinka shi ne don gadon da ba ya motsi. Shi kuwa gadon lantarki, falankin da katifa ke kwance a kai a rabe yake gida uku ko huɗu, da gaɓoɓi a tsakani. Ɓangaren kai yana iya tashi har kusan digiri 60, wato ƙarshensa ya yi sama da kusan ƙafa biyu. Duk abin da aka shimfiɗa a kansa tare za su tashi. Siket ɗin zai ɗage ta wajen kai ya tona abin da ake son rufewa, ya tattare a wajen gaɓa, in an sauke gadon kuma ƙyallen ya faɗa tsakanin falanki da firam ya matse. Sau biyu uku aka yi haka ɗinkin kusurwa ya ɓalle.

Akwai kuma ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke wajen ƙafa, wanda ke tare katifa kada ta zame idan kai ya tashi. A jikin falankin yake ɗaure, don haka ƙyallen ba shi da hanyar wucewa sai an huda shi. Wasu kan cire ƙarfen don siket ya zauna daidai. Kada a yi haka. Ƙyalle mai santsi a ƙarƙashin katifa, ga babu matari, duk ɗagawa sai katifar ta sulalo ƙasa da inci biyu ko uku.

To a ina ake ɗaura shi?

A jikin abin da ba ya motsi. Wannan ita ce ƙa'idar duka, sauran bayani ne.

Kafin a sayi ko yadi ɗaya, a cire zanin gado, a ɗaga kai da ƙafa har ƙarshe, a durƙusa a duba. Za a ga sassa biyu: firam ɗin ƙasa wanda ƙafafun gadon ke ɗaure a jikinsa, da falankin sama mai tashi. A bi gefen gadon da alli ana sa alama a duk inda ya tsaya cak. A sauke, a sake ɗagawa, a tabbatar.

Gadajen iri biyu ne ta wannan fuska. Wani yana da bango na gefe wanda aka lulluɓe da yadi, mai zurfin inci 4 zuwa 6, kuma bangon a tsaye yake, falankin ne kawai ke tashi daga cikinsa. Wannan mai sauƙi ne, a jikin bangon ake ɗaurawa. Wani kuwa abin da ake gani kamar bango jikin falankin ne, da shi yake tashi, firam ɗin ƙarfen kuma ya shige ciki da inci da yawa. A irin wannan, idan aka manna siket a bangon an koma matsalar farko, idan kuma aka ɗaura a ƙarfen ciki, ƙyallen ya kusanci hannun inji. Maganinsa shi ne a yi masa firam na waje.

Abu na uku da za a lura da shi: wasu gadajen idan kai ya tashi, falankin gaba ɗaya yana ja da baya wajen bangon ɗaki don mai kwanciya kada ya yi nisa da durowar gefen gado. A irinsu har tsakiyar falankin, da ake zaton a tsaye yake, tafiya yake yi. Alli zai nuna.

Wace hanyar ɗaurawa ta fi?

Mun fi son Velcro, wato maɗaurin nan mai ɓangare biyu da ke manne wa juna, da siket ɗin da aka yanka gida uku: dama, hagu da ƙafa. Wajen kai ba ya buƙata, bangon ɗaki ko allon gado ya rufe shi, kuma ta nan wayar wuta ke fita. A sayi mai faɗin inci 1 ko 2. Ɓangaren mai ƙaiƙayi a jikin gado, mai laushi a ɗinke shi a saman siket. Idan aka juya, ƙaiƙayin zai riƙa kama sauran kaya wajen wanki yana tsinke musu zare.

Yadda za a kafa mai ƙaiƙayin ya danganta da jikin gadon. A kan ƙarfe, mai gam a baya yana kamawa idan an goge wurin da sifirit, ya bushe, aka danna sosai, aka bar shi kwana ɗaya kafin a rataya masa nauyi. Amma zafin Maris da Afrilu na Abuja yana sassauta gam, musamman a ɗakin da rana ke duka, don haka a ƙara ɗaure shi da siririyar igiyar roba ta masu aikin wuta a duk tazarar ƙafa ɗaya. A kan bango mai yadi gam ba ya zama ko kaɗan, mako ɗaya ya saki. A nan fil mai murɗawa na masu ɗinkin kujera ake sa wa, tazarar inci 6 zuwa 8. A jikin bangon gado ake murɗa shi, ba a jikin katifa ba.

Siket mai roba, wanda ake zagaye gado da shi kamar ɗamara, ya fi saurin sawa, ba ya buƙatar komai. Sai dai yana son bango tsayayye mai zurfin aƙalla inci 4 da zai kama, kuma robar tana saki da daɗewa, ya fara zubowa ta tsakiya. Fil biyu uku a kowane gefe suna taimaka masa.

Kada a huda firam ɗin gado da na'ura ko a kira mai walda ya liƙa masa wani abu. Wayoyi suna bi ta nan, kuma garanti yana iya tashi.

Firam na waje fa, yaya ake yin sa?

Gadon katako ne na yau da kullum amma babu falankin tsakiya: allon kai, gefe biyu da ƙafa. Gadon lantarkin yana tsaye a cikinsa a kan ƙafafunsa, ba ya jingina da katakon. Kafintocin Kugbo a nan Abuja suna iya yi idan aka ba su awo daidai, amma a jaddada musu cewa cikin firam ɗin ya fi gadon da kamar inci 1 ta kowane gefe, in ba haka ba falankin zai riƙa gogar katako yana ƙara. Idan gefen katakon ya sauka har kusa da ƙasa, ba a ma buƙatar siket. Idan a kan ƙafafu yake, sai a buga Velcro a cikin katakon a rataya. Wanda yake da gadon aure mai allo da ba ya son rabuwa da shi, sau da yawa cire falankin tsakiya kawai ake yi a zura sabon a ciki, in dai awon ya ba da.

Yaya ake awo, kuma yadi nawa zai ci?

Gadon ake aunawa, ba katifa ba, kuma ba a dogara da suna. Abin da muke ce wa shida da shida a nan yawanci faɗinsa inci 72 ne, tsawo kusan 75. Gadon da aka shigo da shi daga Amurka kuwa tsawonsa inci 80 ne, faɗi 60 a matsakaici, 76 a babba. Siket ɗin kanti da aka yi wa ɗaya ba zai zauna a ɗayan ba.

Sauka kuma ana auna ta ne daga layin da Velcro zai zauna zuwa ƙasa, a rage inci 1. Wannan incin shi ke hana ƙyallen shan ruwan mofa da sharar tayil. A tsayar da tsayin gadon tukuna, domin ƙafafun yawancinsu na murɗawa ne kuma guntu-guntu suke zuwa, ana iya ƙarawa ko ragewa. Idan aka canja bayan ɗinki, siket ya zama gajere ko ya ja ƙasa.

Ga misali da gado mai inci 72 da 75, sauka inci 14. Gefe uku sun kama 75 da 75 da 72, jimla 222. Kowane yanki a yanka shi da tsayin inci 17, ukun na kalmasa ne sama da ƙasa. Idan miƙaƙƙe ake so, da ninki ɗaya a tsakiyar kowane gefe, ana buƙatar kusan inci 270 a tsawo. A yadi mai faɗin inci 60, yanka biyar ke nan, yadi biyu da rabi ya isa. Idan mai tattara ake so, a ninka 222 sau biyu, 444, yanka takwas, yadi huɗu. Atamfa mai yadi 6 kuma, idan aka tsaga ta a tsaye, tana ba da dogayen yanki biyu masu inci 216 kowanne, sun isa tattara mai kyau. Velcro yadi 7.

A gaya wa tela ya bar kusurwoyi a buɗe, yankin ƙafa ya hau kan na gefe da inci 2 ba tare da an haɗe su ba. Yadin auduga kuma a wanke shi kafin a yanka, don yana tsukewa.

Wane yadi ya dace?

Mai ɗan nauyi wanda zai sauka ya tsaya, kamar yadin labule matsakaici, irin da ake samu a kasuwar Wuse ko Garki. Mai shara-shara iskar fanka na tura shi ƙarƙashin gado, can kuma inji yake. Karan-miski yana da kyau a ido amma a hunturu ƙura yake sha, ga nauyi da ke janye Velcro. Leshi mai huji, geza, tuntu da duwatsu masu lilo, duk a bar su wa labule. A ra'ayinmu miƙaƙƙe ya fi mai tattara a wannan gadon: ƙyalle kaɗan, abin kamawa kaɗan.

Haka doguwar shimfiɗar nan ta 'yan jere, mai zubowa har ƙasa ta kowane gefe. Da rana gado a kwance, babu laifi. Kafin a taɓa rimot a naɗe ta a ajiye.

Gadona gida biyu ne, kowa da ɓangarensa. Akwai bambanci?

Babban gadon Amurka mai rabe biyu gadaje biyu ne masu inci 38 da 80 a jere. Idan siket ɗin a firam tsayayye yake, tashin ɓangare ɗaya bai shafe shi ba. Duk da haka a raba yankin ƙafa biyu, su haɗu a tsakiya ɗaya a kan ɗaya, don ranar da za a ja gadajen a share tsakaninsu. Mai roba guda da ya zagaye duka biyun ba ya daɗewa.

Rufe ƙasan ba zai cutar da injin ba, ko ya tare rimot?

Rimot ɗin yawancinsu ba sai an saita shi da wani ido ba, ƙyalle ba ya tare shi. Fitilar ƙarƙashin gado kam, idan akwai, siket zai dushe ta. Injin ba ya aiki sai na ɗan lokaci, kuma tazarar da aka bari a ƙasa da wajen kai ta isa iska. Abin kiyayewa shi ne akwatin wutar da ke ajiye a ƙasa: kada ƙyalle ya kwanta a kansa, kada kuma a manta inda yake. A gadaje da yawa a jikinsa ake sa batir biyu masu bolt 9, waɗanda ke sauke gado idan an ɗauke wuta yana a ɗage. Da yadda wuta take a Abuja, wannan ba abin da za a binne a bayan ɗinkakken ƙyalle ba ne. Yankin da ake ɓantarewa da hannu ɗaya ya fi.

Siket kuma yana jawo ajiya. Da zarar ƙasan ya rufu sai a fara tura akwati da takalma da ledar kaya. Hannun injin yana sauka ƙasa da firam a wasu gadajen idan ana sauke su, ya danne abin da ya tarar. A bar wurin fayau.

Akwai yara a gidan.

Nan ne siket yake da haɗari na gaske. Yaro mai rarrafe ko kyanwa na iya shigewa ba a gani ba, falanki kuma yana saukowa da nauyin katifa da na wanda ke kai. Masu ƙera gadajen da kansu suna gargaɗi a kan haka. A ɗaga ƙyallen a leƙa kafin a sauke gado, a ajiye rimot inda hannun yaro ba ya kaiwa, a kulle shi idan yana da makulli, a zare wayar daga soket idan manya za su fita. Gidan da ke da yara ƙasa da shekara biyar, firam ɗin katako da ya sauka har ƙasa ya fi siket.

Gadon jinya muka saya wa Baba, irin na asibiti. Shi ma a sa masa?

A'a, Allah ya ba shi lafiya. Shi wannan gadon gaba ɗayansa yake hawa da sauka, yana da taya da birki da ake takawa, da ƙarfen gefe mai ninkewa, wani ma da hannun juyawa a wajen ƙafa. Ƙyalle zai shiga taya, ya ɓoye birki, ya ja ƙasa idan an sauke gadon. Idan an sa wa Baba robar fitsari, a gefen firam ake rataye jakar, ƙasa da mararsa, kuma mai jinya na buƙatar ganin yawan fitsarin da launinsa ba tare da ɗage komai ba. Ƙarƙashin gadon kuma kullum ake gogewa. Idan ganin ƙarfen ne ke damun ido lokacin da 'yan dubiya suka zo, a ɗinka wa allon kai da na ƙafa riga mai roba, a bar ƙasan a buɗe.